Darasi na 14: Rumbun Hotuna da Bidiyo na Cikin Gida

Wata rana bayan an tashi aji, wata Hajiya daga cikin ɗalibanmu ta dakata har kowa ya fita, sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ɗan memori da bai kai farcen yatsa ba. "Malam, diba min wanga abu," in ji ta. "Hotunan Makka suna ciki, da muryar maigidana, Allah shi jiƙan shi." Na ce amin, na sa shi a kwamfuta. Kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba, sai dai a yi masa fomatin. Na gwada a wata, duk kanwar ja ce. Na tambaye ta ko akwai kwafi a wani wuri, ta ce ɗanta ya taɓa tura wasu a wayarsa, amma an zare wayar daga aljihunsa a kasuwa tun bara.

Da wuya a sami gida a Sakkwato da ba shi da irin wannan labari. Bidiyon bikin 'yar fari yana cikin filash ɗin da ba a san wanda ya ara ba. Hotunan suna suna wayar maijego. Tafsirin azumi da Baba ya yi shekaru yana tarawa yana tsohuwar kwamfutar da fuskarta ta fashe. Hotunan hawan salla kuwa suna yawo a WhatsApp, an tura an sake turawa har fuskokin mutane sun dishe. Mai neman wani abu sai ya bi ɗaki-ɗaki yana cigiya, in an samu a kunna Xender, a tsaya waya gefen waya ana jira.

Abin da za mu koya yau shi ne yadda ake tara duk wannan wuri guda, yadda kowace kwamfuta da waya da talabijin na gidan za su iya ɗiba, da kuma yadda za a zaɓi mai sauri ba tare da an zubar da kuɗi a banza ba.

Mene ne wannan rumbu?

Ɗan akwati ne, bai fi kwalin takalmi girma ba. Masu sayarwa suna kiransa NAS. Ba shi da fuska, ba shi da allon rubutu. A cikinsa akwai gurbin faifan ajiya ɗaya, ko biyu, ko huɗu, da 'yar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da shi, da fanka a baya. Ana jona shi da rautar gida ta kebur, daga nan duk na'urar da ta hau rautar za ta gan shi kamar wata folda ce a cikinta. Kamfanonin da suka fi suna a wannan sana'a su ne Synology da QNAP da Asustor, dukkansu na Taiwan.

Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce: data nawa yake ci? A cikin gida, ko sisin kwabo. Hoton da ya tashi daga wayarku zuwa rumbu bai fita ƙofar gida ba, ta rauta ya bi ya sauka. Ko data ta ƙare, muddin rautar tana kunne, aiki yana tafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ajiya a intanet ma ba kamar da ba. Google Photos ya daina ajiyar kyauta marar iyaka tun ranar 1 ga Yunin 2021. Giga 15 ake bai wa mutum, su ne na Gmail, su ne na Drive, kuma daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a cikinsu take ci.

Ina saurin yake?

Nan ne mutane suka fi yin asara, ni ma ban tsira ba. Karon farko da na haɗa irin wannan rumbu a gidan yayana a Mabera, na zaɓo akwati mai kyau, na sa masa faifai sababbi fil, na jona shi da tsohuwar rautar da na tarar a gidan. Muka ce bari mu buɗe da bidiyon bikin 'yarsa, giga 40. Ana kiran magariba na danna. Muka je masallaci muka dawo, muka ci tuwo, aka kawo shayi, abu yana ta jan ciki. Sai gab da isha'i ya gama. Yaya ya dube ni ya ce, "To, malamin kwamfuta, wanga shi na saurin da kac ce muna?" Sai da na kifa rautar na karanta rubutun ƙasanta na ga 10/100, sannan na gane laifin ba na akwatin ba ne.

Ku ɗauka kun kafa tankin ruwa mai cin lita 5,000 a bisa. Komai girmansa, ruwan da zai iso bokiti gwargwadon faɗin tiyo ne. Hoto ko bidiyo yana bi ta wurare biyar kafin ya iso gare ku: faifai, ƙofar kebur ta akwatin, kebur ɗin kansa, rauta, sai kuma kwamfutarku. Wanda ya fi ƙunci a cikinsu shi ke yanke hukunci, sauran duk sai su jira shi.

Akwai wani lissafi da ya kamata ku riƙe. Masu ƙera kayan sadarwa da megabit suke auna gudu, girman fayil kuwa da megabayit ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bayit 1. Saboda haka duk lambar da kuka gani a kwali, ku raba ta gida 8, ku ɗan rage kaɗan. Ƙofar da aka rubuta wa 100 tana ɗaukar kamar mega 11 a daƙiƙa, shi ya sa giga 40 suka cinye mana awa guda. Ƙofar 1000, wadda ake kira gigabit, tana ɗaukar kamar mega 110, ke nan aikin nan na minti 6 ne. Akwai kuma sabuwar ƙofa mai lamba 2.5G da ke kaiwa wajen mega 280.

Maganin matsalar gidan Yaya bai kai kuɗin faifai guda ba. Wani ɗan ƙaramin akwatin raba layi, wanda ake kira suwic, mai ƙofa 5 na gigabit muka sayo. Muka jona rumbu da kwamfutar tebur a jikinsa, shi kuma muka jona shi da rauta. Tsohuwar rautar tana nan tana aikinta, amma kayan da ke tafiya tsakanin rumbu da kwamfuta sun daina bi ta ƙuntatacciyar ƙofarta. Mai amfani da ƙaramin MiFi na aljihu ya sani cewa yawancinsu ba su da ƙofar kebur ko ɗaya, don haka shi sai ya nemi rauta tukuna.

Kebur ma abin lura ne. Ku nemi wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Kowannensu yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100. A ciki akwai siraran wayoyi 8, kuma gigabit sai da dukkansu, alhali gudun 100 da guda 4 kawai yake aiki. In mai matse kan kebur ya yi ganganci waya ɗaya ba ta kama ba, wani lokaci ba za ku ga alamar komai ba: fitila za ta kama, folda za ta buɗe, amma a ɓoye gudu ya faɗo zuwa 100. Ku shiga saitin sadarwa na kwamfuta ku duba lambar da idonku. Akwai kuma kebur mai araha wanda cikinsa alminiyam ne aka yi wa shafen jan ƙarfe. A kankare bakinsa da reza, in ya fito fari a bar wa mai shago kayansa.

Sai waifai. Lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwalin rauta, misali 1200, jimillar tashoshi biyu ce, 300 da 867, kuma waya ɗaya tasha ɗaya take hawa. Abin da ke isowa hannu da ƙyar yake kai rabin lambar tashar. Tashar 300, wadda ake kira 2.4, tana zuwa nesa amma tana da nawa. Tashar 867, wadda ake kira 5, tana da gudu amma bango yana karya ta. Gidajenmu kuma ba su taimaka ba. A tsofaffin unguwanni kamar wajen Ƙofar Atiku akwai katangar laka mai kaurin kamu guda, a sababbin unguwanni kuma bulo ne da ƙofofin ƙarfe. Rautar da ke zaure ba za ta yi wa ɗakin uwargida da ke can ƙurya wani abin kirki ba. A ja kebur zuwa wancan sashe, a sa wata ƙaramar rauta can.

Amma kada a ruɗe ku. Kallon bidiyo ba ya bukatar gudu mai yawa; megabit 20 sun ishi fim mai kyan gani a talabijin, kuma waifai mai matsakaicin ƙarfi yana bayar da haka. Kwafe manyan kaya ne ke neman gudu. A ganina gidan da ba sana'ar ɗaukar biki ake yi a cikinsa ba, gigabit ya ishe shi ya yi saura. Faifai mai juyawa na zamani yana bayar da mega 150 zuwa 200 ko fiye, wato ya riga ya fi ƙarfin kebur ɗin. Wanda ya sayi SSD, wato faifan da ba ya juyawa, mai ninkin kuɗi, ya sa a bayan kebur na gigabit, ba zai ga bambanci ba wajen kwafe bidiyo, sai dai wajen buɗe dubban ƙananan hotuna, da kuma rashin ƙara. Mai ɗaukar biki da ke gyaran bidiyo kai tsaye daga rumbu, shi ne 2.5G ta dace da shi, kuma sai ya tabbatar akwatin da suwic da kwamfutar duk suna da irin ƙofar.

Zafi, ƙura da wuta

Waɗanda suka rubuta takardar cikin kwali ba su san watan Afrilu a Sakkwato ba. Yawancin waɗannan akwatuna an yi su ne su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin gari kan haura haka, balle ɗakin kwano marar silin da tsakar rana. A nemar wa rumbu ɗakin da ya fi sanyi, a ɗora shi a kan tebur ko kanta, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Kada a kulle shi cikin kabad. Na taɓa shiga wani gida na tarar an lulluɓe shi da ƙyallen leshi kamar yadda ake yi wa talabijin, don kada ya yi ƙura. Niyyar mai kyau ce, amma shaƙe shi aka yi. Shafin kula da rumbun yana nuna zafin kowane faifai. In kun ga lambar ta doshi 50, ku canza masa wuri ko ku kashe shi har la'asar sakaliya. Da hunturu kuma, sau ɗaya a wata a kashe shi, a cire wuta, a hure ƙurar da ta taru a fanka.

Wuta ta fi duka haɗari. Kaduna Electric ce ke raba wuta a Sakkwato da Kabi da Zamfara da Kaduna, ko da yake har gobe NEPA muke cewa. In aka ɗauke wuta faifai yana tsakiyar rubutu, abin da yake rubutawa na iya lalacewa, wani lokaci har da maƙwabtansa. In aka dawo da ita da ƙarfi, ko aka juya zuwa janareta, wata barazanar ce. Don haka kuɗin UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, cikin kuɗin rumbu yake, ba ƙari ba ne. A nemi mai ƙofar USB: ana jona shi da rumbun, in batir ya kusa ƙarewa sai ya sanar da shi ya kashe kansa cikin natsuwa. A sa rauta da suwic a kan UPS ɗin su ma.

Mai sola ya yi lissafi. Akwati mai faifai biyu yana cin wat 15 zuwa 20 in yana aiki. A ce 20 sau awa 24, ya ba da 480, kusan rabin yunit ke nan a rana. Ga ƙaramin batir wannan kaya ne. Sai dai ba dole ba ne ya kwana a kunne: ana iya saita masa lokaci, ya tashi da hantsi, ya kwanta ƙarfe 11 na dare.

Faifai nawa, wane iri?

Kada ku yi cinta, ku ƙirga. A ce gida yana da waya 6, kowace tana ɗaukar hoto 200 a wata, kowane hoto mega 4, da bidiyon minti 30, kowane minti mega 100. Kowace waya kusan giga 4 ke nan, gida duka giga 24 a wata, wajen 290 a shekara. In tsohon kayan da za a kwashe ya kai giga 500, faifai mai tera 4 zai yi shekara 10. In kun sa shi kuka ga kwamfuta ta nuna 3.6, ba a cuce ku ba; bambancin mudu ne tsakanin mai ƙera faifai da Windows.

Akwai faifan da aka yi musamman don aikin dare da rana, irin su WD Red Plus da Seagate IronWolf da Toshiba N300. Ku tambaya a tabbatar muku CMR ne, ba SMR ba. Na biyun yana ɗora layukan rubutu gefen wani a kan wani kamar jerin kwanon rufi, saboda haka in ana zuba masa kaya da yawa sai ya riƙa tsayawa yana gyara. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu faifan WD Red irin wannan ne ba tare da an rubuta a jikinsu ba. Faifai na hannu kuwa, araha ba ta ado. In ya zama dole, a jona shi a kwamfuta tun a shago, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, a ga awa nawa ya yi yana juyi. Shekara guda awa 8,760 ce. Wanda ya nuna 30,000 ya haura shekara uku bai huta ba, komai ƙyallin takardar jikinsa.

Shawarata akwati mai gurbi biyu, a saita shi yadda duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya za a rubuta a ɗayan. RAID 1 ake ce wa wannan tsari. Tera 4 biyu tera 4 za su ba ku, ba 8 ba. In ɗaya ya mutu, akwatin zai yi ƙara, a zare shi a sa sabo, babu abin da ya ɓace.

To amma ga inda ake yin sake. In yaro ya goge foldar biki, a faifan biyu ya goge. In tsawa ta bi wayar wuta da damina, biyun za ta ƙona. In ɓarawo ya shigo, akwatin zai sungume gaba ɗaya. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ko ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a, ba ya bukatar dogon bayani. Mu a nan muna da abin koyi tun kafin kwamfuta. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun iso gare mu ne saboda almajirai sun kwafa da hannu, wani ya tafi da nasa Gwandu, wani Wurno, wani Kano. In gara ta ci na wannan gida, akwai na wancan. Wanda ya shiga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ya ga irin waɗannan takardu zai fahimci zancen. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wannan dabara da lamba 3-2-1: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani gida dabam. A aikace, ku sayi faifan waje mai USB, ku jona shi da rumbu farkon kowane wata ya kwashe, ku cire, ku kai gidan ƙanwarku a Arkilla ko Runjin Sambo. Ku kuma kunna kwandon shara na rumbun, don abin da aka goge ya yi kwanaki kafin ya tafi.

Wa zai ga me?

Gidan Bahaushe yana da zaure yana da cikin gida, rumbun ma haka za a tsara shi. Hotunan kamu da lalle, inda mata suke ba mayafi, ba na kowa ba ne. A buɗe wa kowane babba sunansa da kalmar sirrinsa. A yi foldar kowa da kowa, inda karatu da hotunan salla za su zauna. A yi ta mata zalla. A yi ta takardun gida, irin su takardar fili da shaidar haihuwa, wadda mutum biyu kawai za su buɗe. Yara a ba su izinin kallo ban da na gogewa. Baƙo kuma a ɗora shi a layin baƙi na rauta, wanda ba ya ganin rumbu.

Za a kwaɗaita muku buɗe rumbun ga intanet, wai don ɗanku da ke karatu a Zariya ya riƙa ɗiba. Ana iya yi, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Yunin 2021 masu wani tsohon rumbu mai suna My Book Live a ƙasashe da dama sun wayi gari an share musu komai daga nesa. Rabon na'urar da sabuntawa tun 2015. A Janairun 2022 kuma wasu ɓarayin intanet suka kulle fayilolin dubban rumbunan QNAP da ke buɗe ga waje, suka ce sai an biya fansa da bitkoyin. In ba ku da wanda ya iya tsare ƙofar, ku bar ta a rufe, ɗalibi ya kwasa in ya zo hutu. Ku canza kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita tun ranar farko, kuma in ya nemi sabunta manhajarsa, kada ku yi masa rowar data.

Wanda aljihunsa bai kai ba, kada ya ce darasin ba nasa ba ne. Wasu rautoci suna da ƙofar USB da ake jona faifan waje. Suna da nawa, amma sun fi memori a bakin mayafi. Tsohuwar kwamfutar tebur ma tana zama rumbu in aka sa mata OpenMediaVault ko TrueNAS, waɗanda kyauta ne, sai dai ta fi ɗan akwatin shan wuta nesa ba kusa ba.

Aikin gida

Kowa ya kifa rautar gidansu ya karanto abin da aka rubuta game da ƙofofinta, 10/100 ne ko 1000. Sannan ya zagaya wayoyi da kwamfutocin gidan, ya rubuta giga nawa hotuna da bidiyo suka ci a kowace, ya haɗa jimilla, ya lissafa minti nawa kwafe su zai ɗauka a mega 11, minti nawa kuma a mega 110. A zana taswirar gida a takarda, a sa alama a ɗakin da ya fi sanyi da tsakar rana, a auna taku nawa ne daga can zuwa rauta. Duk mai memori ko filash da ke ɗauke da abin da ba shi da kwafi ya zo da shi mako mai zuwa. Da kwafe su za mu buɗe aji kafin mu shiga darasi na 15.